Wuƙar Fiɗa Ta Hana Fatunmu Fita Waje

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Modu daga unguwar Jiddari Polo, sana'ata sayen fatun awaki, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Bayan Babbar Sallah na tara fatu, na sa musu gishiri, na kai wa wani Alhaji a Kano mai fitar da su ƙasashen waje. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba su a rana. Duk wadda ya ga haske ta jikinta sai ya jefar gefe. Ya ce, "Modu, waɗannan duk huda ce, ba wanda zai karɓa a waje." Haka na kwaso yawancinsu na dawo.

A da, mahauci hura akuya yake yi ta ƙafa, ya saɓule fatar da hannu. Yanzu sauri ake yi, wuƙa kawai. Na yi wa wani mahauci magana, ya ce shi nama yake sayarwa.

Sannan mu zauna muna kukan dala ta tashi! To, me muka sayar wa duniya? Masu sauraro, ku faɗa mini wanda mahautan nan za su saurara. Ni mai sana'ar fata, takalmin roba na China ne a ƙafata.