Ƙanzon Tukunyar Kudenda

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu, wanke-wanke nake yi a ɗakin abincin wata masana'anta a Kudenda.

Tun da aka rage ma'aikata a masaƙa aka sallami maigidana, albashina ne ke riƙe da gida. Kun kuwa san albashin mai wanke-wanke, kafin wata ya raba ya yi sallama. Abin da ya rufa mana asiri shi ne al'adar wurinmu: wadda ta wanke tukunyar shinkafa, ƙanzon nata ne. In kankare, in kai gida, in jiƙa, in soya da albasa da ɗan manja. Da shi 'ya'yana suke kwana.

Sai aka kawo sabuwar mai dafuwa, Mama Ladi, mutuniyar Filato. Wayyo, matar nan ta iya girki! Tukunya takan zo mini fes, ko ƙwaya ba ta kama ba. Manaja yana ta yabo, ni kuwa ina komawa gida da kwano wayam. Ranar da autana ya buɗe kwanon ya rufe, na yi kuka.

Washegari na durƙusa a bayan famfo na ce, "Ubangiji, kunya nake ji in roƙe ka shinkafar mutane ta kama. Amma ka ga yaran nan."

Makon bai ƙare ba, ƙanzo ya dawo, mai kauri har cokali yana lanƙwashewa! Haleluya!

Ana nan, ran nan na ji manaja yana yi wa Mama Ladi faɗa, wai hannunta ya lalace. Ta ce, "Yi haƙuri oga, itacen ne." Da ya fita na je in ba ta haƙuri, sai ta harare ni.

"Ke Saratu, da furfurata a ce ban iya shinkafa ba? Na gan ki kina kankarar tukunyar da ba komai. Ɗauki kwanonki, kada ki tona mini asiri."

Har yau wanke-wanken nake yi, albashin bai ƙaru ba, amma raina a kwance yake. Na gode wa Allah! 'Yan'uwa, ku kai masa ko roƙon da kuke jin kunyarsa. Yana ji, yana kuma da mutanensa a bakin murhu. Amin.