Zomo Mai Wando

A ɗakin jira na likitan dabbobi, wata yarinya ta rungume zomonta da ya rame. Kwalaben ƙarin abinci uku ya shanye, cikinsa bai gyaru ba. Wani tsoho mai kiwon zomaye ya leƙo.

"Jikata, yaushe zomo ya fara sa wando?"

"Ni na ɗinka masa, Kaka. Ƙazami ne, kashinsa yake ci."

Tsohon ya fashe da dariya. "Ai maganinsa kika rufe! Kashin nan mai laushi da yake ci shi ke gyara masa hanji. Tuɓe shi, ki ba shi busasshiyar ciyawa, ki kau da kai."

"Kai ka taɓa ɗanɗanawa ne?"

"Ni cikina lafiya lau, marar kunya."

Nan yarinyar ta gane cewa tsabtarta ce ta ramar da shi.