Sufa Ya Ƙare

A gidan mai na bakin tashar Kafanchan, tsoho Kambai ya hana direba gusar da akori-kura daga gaban famfo. Fetur mai tsada, sufa, ya ƙare, sai regula mai araha. Wani ɗan kasuwa, Ukachi, ya fito daga layi.

"Baba, ka tare mana hanya. Ka sha regula ka wuce mana!"

"Sufa take sha."

"Tankar sufa sai yamma, in ma ta zo. Ina za ka?"

"Kwoi."

"Regula zai kai ka. Iyaka injin ya ɗan yi ƙara a hawa."

"Mai motar bai taɓa zuba mata shi ba. Ko shi ya kwana da yunwa, ita sai ta sha sufa."

"To ina mai motar? Kira shi, shi zai gane."

"Yana baya. Ɗana ne, Meshak."

Ukachi ya leƙa, ya ga tabarma a naɗe. Ya cire hula.

"Sannu, Baba. Yaushe?"

"Jiya, a asibiti. An gama kabari, fasto na jira."

"Baba, motar za ta iya jiran yamma, shi ba zai iya ba. Na taɓa zama da gawar nawa ɗan a bakin hanya, lokacin yaƙi. Na san abin da rana ke yi."

Kambai ya daɗe yana kallon ƙudajen da suka fara sauka a kan tabarmar. Sannan ya juya wajen mai famfo.

"Zuba. Amma iya na Kwoi. Kada ka cika mata ciki da shi."