Babi na Tara Ba Shi Ne Ƙarshe Ba

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, shugabar ɗakin karatu da ma'aikatanta, malamanmu masu karanta littattafai a naɗi muryarsu, iyayena, 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku da babbar murya. Na gode da kuka kira mai gyaran agogo ya yi magana a bikin buɗe sashen littattafan saurare. Ku yi haƙuri da kai-komon da nake yi a gabanku, kwanakin nan zama ba ya karɓa ta.

Magana ta farko, hannuna ne. Ga shi, kuna ganin yadda yake rawa. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba, bara sai hantsaki ya fara kufce mini. In kama, ya faɗi, in durƙusa ina lalube a ƙarƙashin tebur, mai agogo yana tsaye yana kallon ƙeyata. Tsoro ya kama ni, ban kuma gaya wa kowa ba.

Ana haka, a farkon watan nan, sai wani direba, abokin cinikina, ya tura mini littafin saurare a waya, tarihin wani mai tsara kiɗa. Na kunna a shago. Babin farko haihuwarsa, sai kawai na ji shi babban mutum, yana zaune yana faɗa wa matarsa sautuka tana rubutawa, duniya tana tafa masa. Na ce a raina, ji girman kai, alƙalami ma sai an riƙe masa! Daga nan labari ya koma ƙuruciyarsa, na ce lallai marubucin gwani ne, ya fara da daɗin sannan ya dawo baya. A babin da ya zo mini a ƙarshe, hannun mutumin ya shanye, ya rufe abin kiɗansa, ya juya wa taga baya. Murya ta yi shiru.

Jama'a, a ranar na yanke hukunci. Na ce in gwani irin wannan ya ƙare da mutuwar hannu, ni wane ne? Na yi wa maƙwabcina mai sayar da takalma alkawarin makullin shago ranar Asabar ɗin ƙarshen wata.

Magana ta biyu, matata ce, ga ta can tana sunkuyar da kai. Ita ta karɓi wayar ta duba, ta ce, “Malam, kai da kake gyara wa mutane lokaci, ba ka ga naka a karkace yake ba?” Ashe wayar ta jera babobin ne da son ranta: ɗaya, goma, sha ɗaya, sannan biyu, uku, har tara. Abin da na ɗauka ƙarshe, babi na tara ne. Faɗa wa matarsa da yake yi ba girman kai ba ne, hannu ne babu. Manyan ayyukansa duk bayan shanyewar hannun ya yi su.

Kuna tsammani na yi murna? Wallahi musu na yi. Kwana goma sha biyu ina musu. Na ce wayar ce daidai, na ce lambobin ne aka rubuta ba daidai ba, har direban na zarga. Ina ganin lamba da idona, ina cewa a'a.

Magana ta uku, littafi na biyu ne, wanda ke bayanin yadda mutum ke yarda da abu. Matata ta aro shi a nan tun kafin a yi bikin buɗewa, ta kunna mini. Abin da na fahimta a ciki shi ne, wani lokaci mutum yakan riƙe magana ba don gaskiyarta ba, sai don ta ba shi mafaka. Na ji kamar mai karatun ya leƙo shagona. Ina son mai tsara kiɗan ya ƙare a babi na tara ne don in samu hujjar gudu, kada a ga hannuna yana rawa. Kunya ce ta sa na yi imani da wayar.

Yanzu ni nake sa madubi a ido, matata ce take riƙe hantsaki. In ce hagu kaɗan, ta ce ta gani. Agogo shida muka tayar, ɗaya muka kashe, faɗa kuwa ba a magana. Ban san ko za mu ɗore ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni zama.

Roƙona ga masu naɗar littattafai ƙarami ne. Don Allah ku sa sifili a gaban lambobin farko, ɗaya zuwa tara, kada waya ta sa goma gaba da biyu, ku duba jerin kafin ku miƙa. Ba ku san wanda zai saurara ba, ba ku san halin da yake ciki ba.

Asabar ɗin nan jiya ce. Mai takalma ya zo, na ba shi haƙuri, na kuma ba shi kujera ya ga aikinmu. Makullin ga shi a hannuna, kuna jin ƙararsa, hannun ne ke kaɗa shi.

Allah Ya albarkaci muryoyin masu karanta mana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya hana mu rufe littafi alhali da sauran babi, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.