Garmar da Ke Gaban Tankar Nukui-san

Babban malamin haikali da ya ja mana karatu da safiyar nan. Mataimakin magajin gari. Shugaban ƙungiyar manoman kwarin nan. Shugabanmu na ƙungiyar masu raya tsofaffin motocin soja, Likita Sawaguchi. Uwargidan marigayi, Tokiko-san, da 'yarsa Misuzu-san da maigidanta da jikoki. Maƙwabta da abokan arziki. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Obata Ryusei. Walda nake yi a garejin taraktoci da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ni ne ƙarami a ƙungiyarmu. Tokiko-san ce ta ce in yi magana yau, ranar da Nukui Shigeharu-san ya cika kwana arba'in da tara da barinmu. Na ce mata akwai manya. Ta ce ta sani, manyan suna ta magana tun ranar jana'iza, kunnenta ya gaji. To ga ni. In harshena ya yi kaifi ku yi haƙuri, abin da ke cina ba zai jira wani taron ba.

Mu a siton da ƙungiyarmu ke haɗuwa Tsoho muke ce masa, haka zan ci gaba da kiransa.

Wanda ya girma a nan ya san labarin, amma jikokin da suka zo daga Sapporo ba lallai su sani ba. Da aka gama yaƙin duniya, an cire wa wasu tankoki hular nan da igwa ke zaune a ciki, aka liƙa musu garmar ƙarfe a gaba, aka sake su su yi aikin katafila. Ɗaya ta faɗo kwarin nan a hannun mahaifin Tsoho, wanda ya dawo daga fagen daga kunne ɗaya a toshe. Lokacin nan wurin duk kututture ne da duwatsu. Gonakin dankalin da kuka ratsa kafin ku iso haikalin nan, ita ta tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya karɓi tuƙinta yana ɗan shekara goma sha takwas.

Ya kasance mutumin da in dusar ƙanƙara ta rufe kwarin nan, ba a aika masa. Kafin malaman makaranta su gama shan shayi ya buɗe hanya daga gada har ƙofar makaranta, sannan ya bi rugagen masu shanu don motar madara ta samu shiga. Shekara ashirin da shida yana wannan. Shekarar da tudun gabas ya zabtare ya danne titi, kwana huɗu ya yi a kan kujerar ƙarfen nan, ana miƙa masa dunƙulen shinkafa yana ci injin na ruri. Akwai mutane zaune a ɗakin nan da aka fito da iyayensu ta hanyar da ya buɗe. Ba sai na nuna su ba.

Ya kasance mai baƙar magana, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Ranar da na fara zuwa sito, shekara biyar ke nan, na shigo da littattafai a hammata. Ban gama sakandare ba, amma babu littafin tankoki da ke ɗakin karatun garin nan da ban cinye ba. Na tsaya ina zuba masa nauyin tankar tasa da kaurin ƙarfenta da shekarar da aka ƙera ta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Farfesa, miƙo min sifana mai lamba ashirin da biyu.”

Na miƙa masa ashirin da huɗu.

Ya juya ta a hannu ya ce, “Wannan shafin ne ba ka kai ba tukuna.”

Sunan ya bi ni har yau.

Ya kasance mai haƙuri da mu, mu da muke iya kwashe yinin Asabar cur muna musu a kan ko fentin wata jif ya cika duhu. Mun taɓa raba gari da juna wata biyu saboda kan noti, mai kusurwa huɗu ne na asali ko mai shida. Matanmu da iyayenmu suna ganin taɓin hankali ne, ban kuma ce sun yi ƙarya ba. Tsoho yana jinmu, yana gasa dankali a kan murhun sito, sai musu ya yi zafi ya ce, “Ku ci, sojojin baka.”

Amma akwai musu ɗaya da bai taɓa yi wa dariya ba. Mutanen gari katafila suke ce wa motar tasa. Mu 'yan ƙungiya muna ce mata tanka. Yawancinmu muna so a yanke garmar, a ƙera mata sabuwar hula da igwar ƙarya, a kankare fentin ruwan ɗorawar nan a mai da ta launin soja, ta koma yadda ta fito daga masana'anta. A wurinmu wannan shi ne gyara. Kuma kafin wani ya tuna min, bari in tuna wa kaina: babu wanda ya kai ni ɗaga murya a kan a yi hakan.

Tsoho yana da yadda yake aiki da fenti. Ba ya kankarewa. Sai ya jiƙa samfefa mai laushi, ya zaɓi wuri kamar faɗin babban yatsa, ya dinga gogawa a hankali har ya buɗe abin da yake kira taga. Ta tagar nan yake ƙirga fentin da aka shafa, wani a kan wani, kamar mai ƙirga shekarun itace. A gefen hagu ya ƙirga bakwai. Wata uku ya yi yana buɗe tagogi, bai gama rabin gefe ɗaya ba. Ni kuwa jinina yana tafasa. Wata Asabar da safe Tokiko-san ta kai shi asibiti a duba masa ƙirji. Na ce bari in yi masa abin kirki. Na ɗauko injin gurzar ƙarfe, kafin azahar na mai da rabin gefen hagu fari fat, yana ƙyalli. Har share wurin na fara yi ina jiran yabo.

Ya shigo ya tsaya. Ya daɗe yana kallo.

“Tsoho, aikin wata uku a yini ɗaya,” in ji ni.

Ya ce, “Ba ni tsintsiyar.”

Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa, ya tattara garin fentin, ya zuba a gwangwanin shayi ya rufe. Sai a lokacin ya gaya min. A ƙarƙashin fenti na uku akwai sunayen gidaje goma sha huɗu da aka share wa gona a shekarar farko. Kowane maigida da hannunsa ya rubuta nasa, har da waɗanda sunansu kaɗai suka iya rubutawa. Su yake nema da samfefarsa. Na gurje shida. Ɗaya na mahaifin Tokiko-san ne.

Na ce, “Me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya ce, “Ka taɓa yin shiru in faɗa?”

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da gwangwanin. Bai yi ba. Ya zauna a kan sarƙar ƙafar tankar ya ce, “Farfesa, tun da kai ne mai karatu, yanke min hukunci. Mutum ya yi shekara huɗu yana soja, ya dawo ya yi arba'in yana noma. In ya mutu, a wace riga za a sa shi?”

Tun ranar na bar layin masu son a yanke garmar.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci mai daɗi kusan mako uku ke nan. Kwana goma sha tara da suka wuce, turaren jana'iza bai gama fita daga tufafinmu ba, ƙungiyarmu ta zauna ta jefa ƙuri'a. Tara suka ce a yanke garmar, biyu muka ce a'a. An sa ranar Asabar mai zuwa. Da yake ni ne mai walda, ni aka rubuta wa aikin. Shekara goma sha biyu kuna zama da mutumin nan, kuna cin dankalinsa, ba wanda ya iya kallon idonsa ya kawo maganar ƙuri'a. Sai da ya zama toka a cikin tulu kuka samu baki. Wannan ba gyara ba ne, jira ne kuka yi.

Na ga ana gyara zama. Ban gama ba, kuma zan yi adalci.

Likita Sawaguchi, jagoran masu son a yanke, ba mugu ba ne, hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Ƙanin mahaifinsa a cikin irin wannan tankar ya ƙone a wani tsibiri, ko ƙashinsa ba a kawo gida ba. Ya ce min, “Obata-kun, yaran yanzu sun ɗauka yaƙi wasan waya ne. Ina so su leƙa ciki su ga ƙuncin akwatin da aka tura samari su mutu.” Ya kuma ce akwai gidan tarihin da zai karɓe ta in ta koma kamanninta na soja, ta samu rufi da mai kula. In ta zauna a katafila, wa zai riƙe ta? Rufin sito yana yoyo, injin bai tashi ba shekara talatin, tsatsa kuma ba ta san makoki ba. Duk gaskiya ne. Ni ma na kasa ture wannan maganar, sai dai na ce masa Janar Haƙori, wanda bai taɓa jin ƙarar harbi ba sai ta injin huda haƙoran mutane. A gaban kowa na faɗa.

Ƙuri'a dai ba ta yanke ƙarfe. Motar ta gidan Nukui ce, sai Tokiko-san ta buga hatiminta a takarda. Shekaranjiya na je na same ta tana yanka kabewa. Na shirya jawabi tun daga hanya. Ban kai rabi ba ta ɗaga wuƙa.

Ta ce, “Farfesa, ni fa ba na son motar nan. Shekara hamsin da biyar ina wanke baƙin mai daga wandunansa. Da hula, da garma, duk ɗaya ne a wurina.”

Na ce, “Amma sunan mahaifinki...”

Ta ce, “Wanda ka gurje?”



Ta ci gaba da yankanta, sannan ta ce, “Shi cewa yake yi katafila ce. To katafila aiki take yi. In dusar ƙanƙara ta farko mai kwana a ƙasa ta sauka, ta taso da ƙafarta ta share min daga ƙofar gida zuwa titi. In ta yi, garma ta zauna, kuma ba mai sake kawo min takarda. In ba ta yi ba, gunki ce, Likita ya sa mata hular da ya ga dama.”

Tokiko-san, na karɓi sharaɗinki, kuma na gode da ba ki sassauta min ba. Misuzu-san, na san kin so a rufe sito a huta, kin ce motar ta cinye miki uba tun yana raye. Ba ni da bakin musa miki. Roƙona ki ba mu makonnin nan kawai. Ku kuma jikoki, in ta tashi ku zo ku ji, don ƙarar da ta yi ta tashin kakanninku ce.

In ta tashi. Kan duwatsu ya riga ya yi fari, kowa ya gani da safe. Mako uku ne a hannunmu, in an yi sa'a huɗu. Tsoho ya kai aikin injin kusan ƙarshe kafin ya kwanta: silinda goma sha biyu duk an wanke, an sa sababbin zobba, ni na ɗinke tankin mai. Abu ɗaya ya rage, daidaita famfon dizal, yadda kowace silinda za ta sha nata a kan lokaci. Na karanta duk abin da aka rubuta a kansa. Sau uku na gwada ni kaɗai, sau uku ta yi tari ta tofar da baƙin hayaƙi ta mutu. Aikin yatsa ne da kunne, kuma mutum biyu ne a duk tsibirin nan na san sun taɓa kwance famfon nan suka mayar. Ɗaya shi muke wa turare yau.

Ɗayan yana zaune a layin gaba.

Likita, shekara uku kuna zama kai da Tsoho a kan famfon nan, kai da ƙananan ƙarafunanka na haƙori, shi da fitila, kuna faɗa kamar za ku cinye juna. Na san abin da nake roƙo. Ina roƙon ka sa hannunka ka tayar da injin da in ya tashi ka faɗi. Ba ni da abin da zan ba ka. Abin da na kira ka a gaban mutane, a gaban mutane nake janye shi, ga kaina a ƙasa. Wutar yanka kuwa ba zan kunna ta ranar Asabar ba, ko za a kore ni daga ƙungiya. Amma in ka zo muka yi iyakar yinmu, dusar ƙanƙara ta sauka motar ba ta motsa ba, ni da hannuna zan yanke garmar, in yi maka yanka mai kyau wanda ba za ka ga tabo ba. Shaiduna su ne duk wanda ke ɗakin nan. Ban ce ka amsa yanzu ba.

Ya kasance mutumin da bai iya godiya da baki ba, don haka bari in yi a madadinsa. Mun gode wa malamin haikali. Mun gode wa ma'aikatan jinyar da suka jure masa wata biyu yana gyara musu tayar gado ba su sa shi ba. Mun gode wa matan unguwa da suka dafa abin da za mu ci in an tashi, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Tsoho, an ce yau, rana ta arba'in da tara, ake buɗe maka hanyar lahira. Ka haye lafiya, ka iske mahaifinka da masu gidajen nan goma sha huɗu cikin salama, ƙirjinka ya huta da tari. Gidanka ya zauna lafiya a bayanka, Tokiko-san ta daɗe da ƙarfinta, jikokinka su girma. Ka tafi, kada ka tsaya waiwaye saboda mu. In ka ji shiru ranar Asabar, ba mu gama da injin ba ne.