Katin Baftismar da Ya Tsayar da Fayil ɗin 'Yata

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya riƙe ni lokacin da ƙafata ta kusa zamewa. Sunana Bitrus, mai gyaran keken ɗinki a Kakuri. Ni ne kuke gani a bakin ƙofa ranar Lahadi ina nuna wa mutane wurin zama. Baba Rabaran ya ce in rubuta wannan shaida, domin in na tashi faɗa da baki zan rikice. Ku yi haƙuri da ni. Har yau in na tuna wasu wuraren, fushi yakan taso mini.

'Yata ta fari, Rifkatu, nas ce a wata ƙasa a Turai. Ta yi aure a can, tana da yara biyu. Da aka ba ta shaidar zama 'yar ƙasar, sai aka gindaya mata sharaɗi, wai su ba sa yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Sai ta kawo takarda daga gida cewa ta ajiye zamanta na 'yar Najeriya, kuma aka yanka mata wa'adi. In ya wuce babu takarda, za a karɓe abin da aka ba ta, aikinta da zamanta kusa da yaranta duk su shiga haɗari.

Ta cike fom a can, aka ce sauran takardu daga gida za su fito, kuma sai da mai bin fayil ɗin a Abuja. Ni ne mai bin.

Kun san halina. In na kulle shago, sai na dawo daga bakin titi na sake taɓa kwaɗon. Abu huɗu aka nema: takardar indijin daga ƙaramar hukumarmu, takardar shekaru ta kotu, kwafin fasfo, da wasiƙata ta uba. Na haɗa su. Sai zuciyata ta fara: in suka ce bai isa ba fa? Na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗauko katin baftismarta na ƙara a kai. Matata Saratu ta ce in ba su abin da suka nema kawai. Ban saurare ta ba.

Na kai ofishin a Abuja, aka karɓi fayil, aka buga hatimi a kwafina, aka ce in dawo bayan wata ɗaya.

'Yan'uwa, sau tara na bi hanyar Abuja. Kun san yadda hanyar nan take. In mota ta wuce Kakau sai in rufe ido in fara addu'a, ba na buɗewa sai mun yi nisa. In isa da ƙafa a kumbure, a ce oga ba ya kan kujera. In koma, a ce oga yana mitin. In koma, a ce babu netwok. Wata rana aka ce an canja ogan, sabon bai zauna ba tukuna. Akwai wani yaro-yaro mai ɗaura taye a wuya, ɗan cikina ya girme shi, ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba ya ce mini fayil yana kan hanya. Wace hanya? Daga wane tebur zuwa wane tebur ne ake tafiyar wata goma sha ɗaya?

Mutum bai zo roƙon fili ba, bai zo neman aiki ba. Cewa ya yi ku sake ni in tafi. Shi ma sai an wahalar da shi!

Fushi ya zama abincina. Na daina gaisa da maƙwabcina don kawai ma'aikacin gwamnati ne. Na yi wa wata mata tsawa a shago a kan allurar keke, har ta kwashe kayanta. In ana waƙa a sujada, ni ina tsaye a ƙofa ina tsara zagin da zan yi a Abuja. Wata safiya ina ɗaure bel ɗin wani keke na ji duniya ta juya, na farka a kemis. Aka ce jinina ya hau sosai.

A zuwa na goma, saura wata biyu wa'adi ya cika, na tarar da wata Hajiya a teburin, ba ita na saba gani ba. Ta dube ni, ta ba ni kujera, ta tashi da kanta ta shiga ciki. Ta daɗe. Ta fito da fayil ɗin, ƙura a bayansa. Ta buɗe ta nuna mini wani ɗan rubutu da jan biro a gefe.

Ta ce, "Baba, wannan tun wata na biyu aka ajiye shi. Shekarar haihuwa a katin cocin nan daban, ta fasfo daban. Ba wanda ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya mini. Sau takwas na zo bayan an yi wannan rubutun. Layi ɗaya ne, ɗan firamare irina ma zai karanta. Suna kallona ina shiga ina fita da furfurata, ba wanda ya ga ya kamata ya miƙa hannu cikin kabad.

Amma ina tsaye a wurin, wani abu ya fi fushin nauyi, domin na san daga inda bambancin ya fito.

Lokacin da masaƙar da nake aiki ta rufe aka sallame mu, Rifkatu ta gama firamare, ta zauna gida shekara biyu. Da za ta shiga sakandare, tsofaffin abokan aikina suka ce in je kotu in rage mata shekara biyun nan, kada su hana ta aikin gwamnati gaba. Kowa yana yi. Na je, na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, na rantse da shekarar da ba ita ba. Daga takardar nan jarrabawa ta ɗauka, fasfo ya ɗauka, Turai ta ɗauka. Katin baftisma ne kaɗai ya riƙe gaskiya, ni kuma da hannuna na sa shi a fayil.

Ina fitowa, wani mutum cikin masu yawo a baranda ya biyo ni. Ya ce abin ba wuya, ba wanda ya nemi katin tun farko, in na ba shi ɗan wani abu zai sa katin ya ɓace daga fayil, shafin jan biron ma haka. Na ce zan yi tunani.

Na kira Rifkatu. Ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa ya aike ni in sa katin, ta ce in bar mutumin ya cire. Saratu ma ta ce, Baban Rifkatu, ka tausaya wa jikokinka. Kwana huɗu abinci bai shiga cikina ba. In na ce a cire, na ƙara ƙarya a kan ƙarya. In na ce a'a, ni na rushe 'yata.

Ranar Laraba na zo addu'ar safe. Da aka watse na zauna a bencin baya. Ban yi addu'a mai ladabi ba, ina gaya muku gaskiya. Na ce, Ubangiji, kana gani suna yi wa talaka ƙarya kullum, gobe, gobe, kuma suna cin abincinsu lafiya. Ni sau ɗaya na yi, don 'yata, shi ne ka tono? Na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Da na yi shiru, abu ɗaya ya tsaya mini a zuciya, ya ƙi tafiya: ƙaryar farko a cikin fayil ɗin nan ba ta ofis ba ce. Na durƙusa na yi kuka. Na ce ya gafarta mini, in 'yata za ta tsira, ta tsira a hannunsa, ba a hannun mutumin baranda ba.

Washegari na je kotu. Na rantse cewa ni, ubanta, ni na ba da shekarar ƙarya tana yarinya, ba da saninta ba, kuma takardun biyu na mutum ɗaya ne. Magatakardan ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da nake rubutawa a kaina. Na ce na sani.

Da Rifkatu ta ji, ta daina ɗaukar wayata.

Na kai wa Hajiya takardar. Ta karanta har ƙarshe, ta maƙala ta a fayil, ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma da ƙafarta za ta hau da shi sama. Na dawo gida ina jira. Kullum ina duba kalanda, ina shan maganin hawan jini.

Saura kwana takwas wa'adi ya cika takardar ta fito. Haleluya! Aka tura, aka karɓa a can. Maganar shekarun kuwa, Rifkatu ta kai wa lauyanta takardar rantsuwata, suna kan gyarawa. Ba a gama ba, ku sa ta cikin addu'a.

Bayan mako bakwai ba magana, ta kira ni da kanta. Muka gaisa. Sai ta ce, "Baba, yanzu fa in zan zo gida, sai na nemi biza."

Na ce mata ta fara nema tun yanzu, don na san ofisoshinmu. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta.

Akwai ma'aikatan gwamnati zaune a cikinmu. Ina roƙonku saboda Allah, in an rubuta abu a fayil ɗin mutum, ku gaya masa ran da ya zo. Tsohon da ke gabanku ta hanya mai haɗari ya biyo. Na yafe wa waɗancan, amma kullum sai na sake yafewa, domin fushin yana dawowa. Ku kuma iyaye, kada ku ɗora hannu a kan Littafi ku rage wa yaro ko wata ɗaya.

Na gode wa Yesu da ya cire ni daga ƙaryar da na ɗauka shekaru, ya sauke jinina, ya bar mini 'yata. Wanda takardarsa ke kwance a wani kabad yau, kada ya bi mutumin baranda. Ya faɗi gaskiya, ya jira Ubangiji. Amin.