Bankin da Ya Iya Gaisuwa

A kan bencin jira na banki, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke gefensa wayarsa.

"'Yar nan, duba imel ɗin da bankin nan ya turo min. Wai za a rufe asusuna in ban aika lambar kati da lambar sirri ba. Na aika, jarina kaf ya yi ɓatan dabo."

Ta karanta, ta tuntsire da dariya. "Baba, 'Muna ba ka haƙuri, ranka ya daɗe'? Yaushe bankin nan ya taɓa ba wani haƙuri?"

"Ai ga tambarinsu nan."

"Tambari ko jikanka zai kwafo maka. Ladabin nan shi ya kamata ya farkar da kai. Ɓarayi ne."

"Ɓarayi? Da na yi musu tambaya nan take suka amsa, har suna gaida iyali!"

"To ka gani."

Ya dubi ma'aikaciyar da ke latse-latsen waya a bayan gilashi, layi ko motsi ba ya yi.

"Tun safe ko kallona ba ta yi ba," in ji shi. "Su waɗancan ɗin, a ina ake buɗe asusu da su?"